Baba Mai Fara Shiga Sito

Tun kafin komai ya faru, tun Baba yana taka ƙafarshi zuwa kasuwa ba sanda, akwai abin da ke cin raina. Duk yammar da maigidana ya dawo daga dako, ya tuɓe riga ya rataye a igiya ya shiga wanka, sai in lallaɓa in ɗauki rigar in kai hanci. Ba turaren wata nake nema ba. Warin tafarnuwa nake nema. In zufa na ji da ƙurar masara, in yi hamdala in koma kan tuwona. In kuwa na ji wancan warin, kamar an daka tafarnuwa an haɗa da kifin da ya lalace, to ranar ba ni da abincin kirki. Ina zuba mashi ruwa ina kallon idonshi, ina sauraren yadda yake jan numfashi. Ban taɓa gaya ma kowa ba. Za a ce yarinyar nan tsoro ya yi mata yawa, kuma gaskiya ne, ya yi mani yawa.

Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk kasuwar hatsin garinmu ke ce ma Baba, Allah ya yi mashi rasuwa a farkon kakar nan. Ni ba mai ilimi ba ce, kuma ba ni ya kamata in yi magana a kanshi ba, ga matarshi, ga 'ya'yanshi, ga ƙannenshi. Amma na ga kowa ya yi shiru a kan abu ɗaya, ni kuwa abin yana kwana ɗaki ɗaya da ni.

An cika gidanmu. Daga Daudawa an zo, daga Ƙanƙara an zo, har daga wajen Sabuwa, duk da halin da hanyar ke ciki. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta riƙe hannun Inna, uwar mijina, tana ta maimaita cewa ɗanta ya yi shekaru yana dako a hannun Baba, ko ciwon kai bai taɓa kawo mata gida ba. Goggo, ƙanwar Baba, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dai ce, "Ya huta. Ya sha gubar mutane har ta ishe shi." Mata suka ce mata ta yi istigifari, ta ce ta yi, amma maganar tana nan.

Ɗakina yana jingine da zaure, duk abin da maza ke faɗa a ƙofar gida ina ji. 'Yan dako sun zo gaba ɗayansu, da ƙurar buhu a gashin ido. Kowa ya gama addu'a sai ya juya ga maigidana ya ce, "Allah ya sa ka gaje shi." Shi kuma ya ce amin, don ba abin da ake cewa sai amin. Ni kuwa daga ɗaki ko sau ɗaya ban ce amin ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, sarkin 'yan dako ya tsaya. Na ji motsin leda. Ya ce, "Ba yanzu ba, sai ka huce. Amma yara sun ce in ajiye maka." Da maigidana ya shigo ɗaki, sabuwar jar hular dara ce a hannunshi. Bai sa ba. Ya ɗora ta kan akwati, ya zauna yana kallon ƙasa.

Wanda bai san kasuwarmu ba ba zai gane abin da jar hula ke nufi ba, bari in faɗa.

In aka tara masara ko wake ko dawa a sito, ƙwari na huda su har su koma gari. Don haka masu hatsi ke sa wata ƙwaya da ake ce ma bom. Ana ƙulle ta a tsumma, a cusa tsakanin buhuna, a rufe ƙofa a toshe duk wata kafa. Ita kuma ta riƙa narkewa tana sakin iska, iskar ta kashe ƙwari. Abin da ke kashe ƙwaro kuwa bai san wannan ƙwaro ne wannan mutum ne ba. Ranar da za a yi lodi, 'yan dako ne ke shiga su kwaso buhunan a ka. Da can abin da sauƙi, don yawancin hatsi a rumbu yake kwana a ƙauye. Tun da 'yan bindiga suka fara ƙona rumbuna, kowa ya kwaso nashi ya kawo gari. Sito ya cika har rufi, ƙwaya ta ƙaru, kuma kowa sauri yake yi.

Aikin Baba shi ne ya fara shiga. Da sassafe zai buɗe ƙofofi, ya koma gefen da iska ke fitowa ya tsaya. In hantsi ya yi, ya yi bisimilla ya shiga shi kaɗai, har ƙurya, yana sansanawa. Ya fito ya zauna kan wani dutse yana jan carbi, yana sauraren kanshi da ƙirjinshi. In bai ji jiri ba, bai ji wari ba, sai ya tuɓe tsohuwar jar dararshi ya rataye a ƙusar da ke jikin ƙofar. Ganin hular nan shi ne izini. In ba ta nan, ko mai sito zai yi birgima a ƙasa ba ɗan dakon da zai taka ciki. In aka matsa mashi, abin da yake cewa bai wuce, "Ku jira. Masara ba ta da ƙafa, ba inda za ta je." Ba hukuma ta naɗa shi ba. Tun yana saurayi wani abokin dakonshi ya faɗi a cikin sito bai tashi ba, daga nan ya ɗora ma kanshi.

Saboda hancin nan gidanmu ke da dokoki. Ba a sa tafarnuwa a miya. Baba bai shaƙar asara, garin tabar nan, bai shafa turare sai Juma'a. Ina amarya na turara ɗakina da safe ranar kasuwa, sai ga Inna da sauri tana fifita hayaƙin da mayafi. "Kashe, kashe! Kina so ki toshe ma kasuwa hanci?" Na yini ina kuka, na zaci ba a so na.

Tsakanina da shi akwai kunya, yadda aka saba. In zai wuce in durƙusa in kau da kai, shi ma ya amsa yana kallon bango. Da na haifi 'yar fari sai ya samu hanya. Ya ɗauke ta yana ce mata amaryarshi, duk abin da yake so in ji, ita yake gaya mawa, tun ba ta san ko sunanta ba. "Amarya, ki ce ma uwarki kunun nan ya yi, amma ta tausaya ma tsoho da barkono." Ni kuma in amsa daga bayan labule, "Ki ce an ji." Haka muka yi ta hira shekara da shekaru, ba wanda ya kalli wani.

Shekarar da aka tashi ƙauyen iyayena a wajen Yargoje, mahaifina ya tsira da buhunan wake kaɗan, su ne duk abin da ya rage mashi. Ya kawo su wurina da tsakar rana, maza duk suna kasuwa. Muka jera su bayan gadona, ya cusa ƙwayoyi ya ce in rufe da tabarma. Ni ban san komai ba lokacin, murna ma nake na taimaki ubana. 'Yar tana barci a kan gadon. Baba ya dawo sallar azahar, ya sa ƙafa a zaure, sai ya tsaya. Mutumin da bai taɓa leƙa ɗakina ba, sai ga shi tsakar ɗakin, ko sallama bai gama ba. Ya sure yarinyar ya fita da ita ya miƙa ma Inna. Ya dawo ya riƙa ciccibar buhunan shi kaɗai yana kai wa wani kango da ke bayan gida. Mahaifina yana tsaye, kunya ta kama shi, ya fara ba da haƙuri. Baba ya ce, "Haƙurin mi? Ni ne mai laifi, ina da wuri ban faɗa maka ba. Zo mu ci abinci." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ni dai ya aiko mani ta bakin jaririya: "Amarya, ki ce ma uwarki a bar ƙofa da taga a buɗe. Ɗakin kakarki za ku kwana sai na ce."

Shi ya sa nake cewa hancin nan gaskiya ne. Na gani da idona. Kada wani ya ce camfi ne.

A bara ne wani malamin gona ya zo kasuwa yana koya ma masu hatsi yadda ake sa magani. Yana da wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa, ba ta wuce ƙaramar waya ba, wadda ke auna gubar da ke cikin iska, in ta yi yawa ta yi kuka. Maigidana ne ya ba ni labari. Ya ce malamin mai ladabi ne, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya juya na'urar a hannu ya ce, "Wannan 'yar abar? Hancina ya girmi babanka, ɗana." Aka yi dariya, har malamin. Sai suka je wani sito da Baba ya riga ya rataye hula, yara har sun fara kwasa. A bakin ƙofa na'ura shiru. Da aka kai ta ƙurya sai ta fashe da kuka ba tsayawa. Malamin ya fitar da kowa. Ya ce ma Baba a hankali, ba a gaban jama'a ba, wai iskar nan tana iya kai yawan da zai cutar da mutum hanci bai ji ba, kuma wanda ya daɗe yana shaƙarta hancinshi na gajiya. Baba ya zare hularshi daga ƙusa ya sa, ya taho gida tun kasuwa ba ta ci ba.

Ina tankaɗe ya shigo. Ya zauna a tabarmarshi gindin darbejiya, ya jawo yarinyar. "Amarya, ki ce ma uwarki ta samo mani tafarnuwa. Ta daka ta sosai."

Na zaci ban ji daidai ba. Inna ta yi mani alama da ido in tafi. Sai da na shiga maƙwabta na roƙo, don gidanmu ba ko ƙwara ɗaya. Na daka har idona na ruwa, duk tsakar gida ya ɗauka, Inna na toshe hanci da zani. Na zuba a murfin kwano na kai, na durƙusa na ajiye. Ya ɗauka ya kai hanci. Ya ja. Ya sake ja, har ta taɓa mashi gashin baki. Ya daɗe a haka. Ya ce, "Wannan ta kwana biyu. Ba ta da ƙarfi."

Ina nan durƙushe. Sai na ji ya ce, "Ke, 'yar nan." Ba yarinyar ba. Ni. Na ɗaga kai, ido cikin ido, karon farko tun da aka kawo ni gidan. "Ki faɗa mani tsakaninki da Allah. Tana wari?"

Na ce, "Tana yi, Baba."

"Sosai?"

"Sosai, Baba."

Ya ajiye murfin a hankali. Ya ce, "To tun yaushe ke nan nake rataye ma yaran mutane hula?" Ba ni yake tambaya ba. Ranar bai ci tuwo ba.

Washegari ya tara 'yan dako ya faɗa masu da bakinshi cewa hancinshi ya mutu, ba zai ƙara rataye hula ba. Ya ce abin da ya rage shi ne a buɗe sito tun ana gobe lodi, a bar shi ya sha iska, kuma a nemo irin na'urar nan. Nan rigima ta tashi, kuma da taubashinshi ta tashi.

Taubashin nan, ɗan kawun Baba, yana da sito da yawa a kasuwa. Tun suna yara suke tsokanar juna. In ya shigo gidanmu daga zaure zai fara, "Ina karen farautar nan? Ya sansano mana wani abu yau?" Baba ya ce, "Na sansano ɓarawon mudu, ga shi nan ya shigo da tumbi." Su yi ta yi har Inna ta kore su. Da yamma ya zo, ina jin su ta bango.

"Kai tsoho, in bar sito buɗe ya kwana? A garin nan? Kana so a wayi gari ba ko tsaba?"

"Ka sa mai gadi."

"Mai gadin ya shaƙa ke nan. To ji nan. Direba ya taso daga Sabuwa tun asuba. In bai juya kafin la'asar ba, ka san waɗanda ke jiran shi a dajin nan. In na tsaya jiran iska aka ɗauke shi, wa zai je ya ba matarshi haƙuri? Kai?"

Baba ya san maganar gaskiya ce. Can ya ce, "In yaro ya faɗi a ƙuryar sitonka fa, wa zai je wurin uwarshi?"

"Shekara nawa ba a faɗi ba? Ni ban ce ka shiga ba. Ara mani hular kawai, in na buɗe tun safe in rataye. Yaran nan hula suke bi, ba hancinka ba."

"Abin da ya sa ba zan ba ka ba ke nan."

Ba a daɗe ba, wata ranar kasuwa da Baba ya tafi jana'iza Daudawa, aka kawo mani maigidana a kan babur, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya. Ban ma kai rigar hanci ba, warin ya riga shi shiga ɗaki. Yana amai, yana riƙe ƙirji, yana cewa ɗakin na juyawa. Inna ta kawo nono, wata ta ce manja. Goggo ta ce a bar wasa a tafi asibiti, aka tafi. Can suka ce nono da manja ba sa maganin wannan. Shi da wasu abokan aikinshi sun kwana biyu a kwance, Allah ya tashe su. Da aka tambaye su mi ya kai su, suka ce sun ga jar hula a ƙusa, sun zaci Baba ya sauko daga maganarshi. Taubashin ne ya sayi irinta a kasuwa ya rataye. Ya ce ya buɗe ƙofa tun asuba, ya zaci ya isa, kuma direba na tsaye a kanshi kamar zai yi kuka.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ari guduma wurin kafinta, ya bi sito-sito yana zare ƙusoshin da ke jikin ƙofofi, yana haki, yana tsayawa ya yi tari, mutane na kallo. Ya dawo gida ina tuƙa tuwo, ya zo har bakin murhu, ya tuɓe dararshi ya tura cikin wuta da ƙafa. Na yunƙura zan ciro, ya ce ma yarinyar da ke riƙe da zanina, "Amarya, ki ce ma uwarki ta bar ta."

Taubashin kuwa, hukuncin da ya yi mashi ban taɓa ganin irinshi ba. Ya daina tsokanar shi. In sun haɗu sai ya gaishe shi da ladabi, "Barka da rana, Alhaji. Ya iyali, Alhaji? Allah ya ƙara arziki." Mutumin ya yi zagin, ya yi tsokanar, ya kira shi kare, ya kira shi kurman hanci, Baba sai ya ce, "Na gode, Alhaji." Wata rana na ji taubashin a zaure yana ce ma Inna, "Ki ce ma mijinki ya zage ni, don Allah. Ko mari ne ya yi."

Ƙarfin da ya rage ma Baba, a kan neman na'urar nan ya ƙare. Ya hau babur ya bi malamin gona har ofishinsu. Malamin ya karɓe shi hannu biyu, ya ce mashi ita ɗaya ce gare su, kuma garuruwa da yawa take zagawa, ba zai iya bar mashi ba. Ya je wurin shugabannin 'yan kasuwa, suka ce za a duba. Ya koma, suka ce ana dubawa. Ya dawo gida ya kwanta a tabarma ya ce ma yarinyar, "Amarya, mijinki ya gaji." A kasuwa kuwa aiki bai tsaya ba. Yanzu ba mai fara shiga, sai a buɗe, a ɗan jira, wanda ya fi yunwa ya fara taka ciki, saura su bi.

Tarin ya daɗe tare da shi, da damina ya kwantar da shi. An kai shi asibiti a Funtuwa, suka ce huhun ya gaji. Ban ce sito ne ya kashe shi ba, ni ba likita ba ce, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Na dai san abin da ya shaƙa tun kafin a haife ni.

Ana saura kwana kaɗan Baba ya cika, taubashin ya shigo, ya zauna bakin gado. Na kawo kunu na tarar da su haka. Baba ya buɗe ido ya daɗe yana kallon shi. Ya ce, da 'yar muryar da ta rage, "Wa ya bar ɓarawon mudu ya shigo mani ɗaki? Ku duba ƙarƙashin gado, kada ya tafi da takalmina." Taubashin, dattijo da furfura, ya kifa kai a katifa yana kuka yana dariya. Na ajiye kunun na fita. Ranar kasuwa da hantsi Baba ya cika, daidai lokacin da ya saba shiga sito. Tun daga ranar taubashin ke buɗe nashi sito ana gobe lodi, ya sa mai gadi can nesa da ƙofa. Amma shi ɗaya ne, masu sito kuwa suna da yawa.

Shekaranjiya na yi ƙarfin hali na yi ma maigidana magana, ina goye da ƙaramin ɗana. Na ce, "Baban yara, ka mayar masu da hular nan. Ka ga abin da Baba ya yi da tashi."

Ya ce, "Na gani."

"To?"

"To Baba ya ƙone hula, an daina shiga sito? Yanzu mu goma ke afkawa lokaci guda. In na karɓa, mutum ɗaya ne zai fara shiga. Hancina kuma da sauranshi."

Na ce, "Malamin ya ce ko hanci mai lafiya ba ya jin duka."

"Ya fi babu. Ko kina da gonar da zan koma? Tamu tana hannun waɗanda kika sani."

Ba shi da laifi. 'Yan dakon ma ba su da laifi, tsoro suke ji kamar yadda nake ji, suna neman wanda za su dogara da shi. Direba ma yana da mata. Kowa na da gaskiyarshi, ni kuma na gaji da juya su a kaina. Abin da na sani, kaka ta shigo, motoci sun fara sauke sabon hatsi, ba da daɗewa ba za a fara buɗe na bara don a samu wuri. Sarkin 'yan dako ya aiko jiya yana tambayar ko an huce. Maigidana bai ce i ba, bai ce a'a ba, amma na san shi. Ɗan ubanshi ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata mashi makwanci, ya ba shi iska mai daɗi a inda ya tafi, ya yafe mashi abin da ya sani da wanda bai sani ba. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Sannan ina roƙo. In kana da sito, ka buɗe shi tun ana gobe lodi, kada ka jira sai direba ya iso. In kana da ɗan'uwa a ofishin gona, ko cikin shugabannin kasuwa, ko wani wanda ake jin maganarshi, ka karanta mashi wannan, ka ce na'urar auna iska ɗaya muke nema wadda za ta zauna a kasuwarmu, a koya ma 'yan dako riƙe ta. Kuma waɗanda ba su samu zuwa gaisuwa ba tukuna, ƙofa a buɗe take, ku zo. In kun zauna da maigidana ku yi mashi addu'a ya gaji haƙurin mahaifinshi da gaskiyarshi. Amma don girman Allah, kada ku ce mashi ya fara shiga. Yarana ƙanana ne.